FERENC PUSKAS, MANJO MAI ƘAFAR HAGU (1927–2006)

Masu bin labarin ƙwallon ƙafa sun san kowace shekara Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Duniya, watau FIFA, ta kan zaɓi ƙwallo ɗaya da ta fi kowace kyau cikin dukan waɗanda aka jefa a raga, ta ba mai ita kyauta. Sunan wannan kyauta Kyautar Puskas. An fara ba da ita cikin 2009, Cristiano Ronaldo ne ya fara karɓa, cikin 2018 kuwa ta zo hannun Muhammad Salah na Masar. Samari da yawa sun san kyautar, amma kaɗan ne suka san mutumin da aka sa mata sunansa. Shi ya sa muka ga ya kamata mu kawo tarihinsa, domin labarinsa bai tsaya ga wasa kaɗai ba. Mutum ne da ya hau ƙololuwar ɗaukaka a ƙasarsa, ya rasa ƙasar da ɗaukakar cikin 'yan watanni, sa'an nan ya sake ginin rayuwarsa daga tushe a lokacin da tsararsa su ke shirin ajiye takalma.

ASALINSA

An haifi Ferenc Puskas a birnin Budafes, hedkwatar ƙasar Hangari, ran 1 ga watan Afrilu 1927. Kakanninsa Jamusawa ne da suka daɗe da zama a ƙasar, sunan gidansu na asali kuwa Purczeld, sai cikin 1937 ubansa ya sauya shi zuwa Puskas. Ya tashi a Kispest, wani gari na ma'aikata da talakawa a bakin Budafes, wanda daga baya birnin ya haɗiye shi. Uban nasa ɗan ƙwallo ne a kulob ɗin garin, daga baya ya zama mai koyar da 'yan wasansa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Tun yaron bai san damansa da hagunsa ba ya ke bin ƙwallon tsumma a filayen unguwa, shi da wani maƙwabcinsu Jozsef Bozsik, wanda suka zama aminai, suka kuma yi wasa tare a kulob ɗaya da ƙungiyar ƙasa ɗaya shekara da shekaru.

Sa'ad da aka so shigar da shi cikin yaran kulob ɗin, shekarunsa ba su kai abin da doka ta ce ba, don haka aka rubuta shi da sunan aro, Miklos Kovacs. Cikin 1943, yana da shekara 16, aka fara sa shi cikin manya. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu yana ci, kafin ya ƙare kuwa sai da ya rushe yawancin Budafes. Da ƙura ta lafa, ran 20 ga watan Agusta 1945, Puskas ya fara buga wa ƙasarsa wasa, aka kara da Ostiriya, Hangari ta ci 5 da 2, ɗaya daga cikin biyar ɗin tasa ce.

Wanda ya gan shi tsaye ba zai ce ɗan wasa ne ba. Gajere ne kakkaura, ba shi da tsalle, ba ya cika sa kai ga ƙwallo, ƙafarsa ta dama kuwa kusan ba ta da aiki sai tsayuwa. Amma ƙafar hagun nan ta isa. Yana bugu da ita da ƙarfi, yana kuma saita inda ya ke so ƙwallo ta faɗa kamar mai ajiyewa da hannu. Ban da wannan yana da saurin fahimtar wasa, ya kan san inda abokinsa zai kai tun bai tashi ba. A kakar 1947 zuwa 1948 ya ci ƙwallo 50 a gasar Hangari, babu wanda ya kai haka a Turai duka a shekarar.

Yana da taurin kai kuma. A wannan zamanin wani shahararren mai koyarwa, Bela Guttmann, ya riƙe kulob ɗin Kispest. Ran nan a tsakiyar wasa ya umarci wani ɗan baya da ya fita, Puskas ya ce wa yaron ya tsaya, yaron kuwa ya bi maganar Puskas. Guttmann ya ga ikonsa ya zube, sai ya koma cikin 'yan kallo ya zauna, da aka tashi ya ajiye aikin. Mai karatu ya riƙe sunan wannan mutum, za mu sake gamuwa da shi.

ƘUNGIYAR ZINARIYA

Bayan yaƙi 'yan Kwaminis suka kama mulkin Hangari da goyon bayan Rasha. Sabuwar gwamnati ta ga wasa hanya ce ta nuna wa duniya ƙarfin tsarinta. Cikin 1949 Ma'aikatar Tsaro ta karɓe kulob ɗin Kispest, aka sauya masa suna zuwa Honved, aka mai da 'yan wasansa sojoji. Ta wannan hanya aka tara gwanayen ƙasar wuri ɗaya, domin wanda aka kira aikin soja ba shi da ikon ƙi. Puskas ya yi ta samun girma har ya kai Manjo, ko da ya ke aikinsa na soja bai wuce filin ƙwallo ba. Daga nan Ingilishi suka laƙaba masa Manjo Mai Sukuwa. Da Honved ya ci gasar Hangari sau biyar.

Mai koyar da ƙungiyar ƙasa, Gusztav Sebes, ya yi amfani da wannan dama. Tun da yawancin 'yan wasansa kulob biyu suka fito, kullum suna tare, ya koya musu wani salon wasa da duniya ba ta saba gani ba. A zamanin nan kowane ɗan wasa yana da gurbinsa, mai lamba 9 shi ne ya ke tsayawa can gaba, ɗan bayan abokan gaba na tsakiya yana manne da shi. Sebes ya janye mai lamba 9, Nandor Hidegkuti, ya mai da shi baya kusa da tsakiyar fili. In ɗan baya ya biyo shi, ya bar ƙofa a buɗe. In ya tsaya, Hidegkuti ya sami sarari ya raba ƙwallo yadda ya ga dama. Ta ƙofar nan Puskas da Sandor Kocsis su ke kutsawa, Zoltan Czibor yana gefen hagu, Bozsik yana tura musu daga tsakiya, Gyula Grosics yana tsaron gida. Puskas ne kyaftin. Daga 1950 har shekara huɗu ba wanda ya ci su. Cikin 1952 suka ci lambar zinariya a wasannin Olimfik na Helsinki, suka doke Yugoslabiya 2 da 0 a wasan ƙarshe, Puskas ne ya ci ta fari.

Duk da haka Ingilishi ba su ɗauke su a bakin kome ba. Su suka tsara dokokin wasan, kuma ba wata ƙasa daga wajen tsibiran Biritaniya da ta taɓa cin su a gida. Ran 25 ga watan Nuwamba 1953 aka haɗu a filin Wembley na Landan, mutum wajen 100,000 suna kallo. Ba a cika minti ɗaya ba Hidegkuti ya jefa ta fari. Ƙwallo ta uku ita ce har yanzu a ke nunawa a majigi. An miƙo wa Puskas ita kusa da raga, kyaftin ɗin Ingila, Billy Wright, ya taho a guje ya zamo don ya ƙwace, sai Puskas ya taka ƙwallon da tafin ƙafarsa ta hagu ya jawo ta baya, Wright ya wuce fuu, shi kuwa ya ɗirka ta cikin raga da wannan ƙafar. Aka tashi 6 da 3, Hidegkuti uku, Puskas biyu, Bozsik ɗaya. Ingilishi suka tafi Budafes ramuwa ran 23 ga watan Mayu 1954, aka ba su 7 da 1. Har yau ba a taɓa yi wa Ingila cin da ya kai wannan ba.

RANAR BERN

Saboda haka sa'ad da aka taru a Suwizalan don Kofin Duniya na 1954, kowa ya sakankance kofi na Hangari ne. Suka fara da Koriya ta Kudu 9 da 0, suka bi da Jamus ta Yamma 8 da 3. Amma a wannan wasa na biyu abubuwa biyu suka faru. Na ɗaya, mai koyar da Jamusawa, Sepp Herberger, ya ɓoye waɗansu gwanayensa bai sa su ba. Na biyu, wani ɗan bayansu, Werner Liebrich, ya taɗe Puskas ya ji masa ciwo a idon ƙafa. Bai buga wasan Barazil ba, bai buga na Yurugai ba, abokansa suka ci kowanne 4 da 2 ba da shi ba.

Aka zo wasan ƙarshe a birnin Bern ran 4 ga watan Yuli, sai ga Jamusawan nan kuma. Puskas ya nace sai ya buga, ko da ya ke ƙafar ba ta warke sarai ba, Sebes ya yarda. Ana ruwan sama, fili ya yi taɓo. Cikin minti na 6 Puskas ya ci, minti biyu baya Czibor ya ƙara. Jama'a suka ce an gama. Ashe ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Kafin minti 20 Max Morlock da Helmut Rahn sun rama duka biyun. Mutanen Hangari suka yi ta kai hari, turke ya tare wata, mai tsaron gida ya tare wata, ɗan baya ya fid da wata daga kan layi. Saura minti shida a tashi Rahn ya jefa ta uku. Nan da nan Puskas ya ɓalle ya rama, ana cikin murna sai aka ga mai tuta ya ɗaga, ya ce an yi satar gida. Har gobe ana gardama a kan wannan hukunci. Aka tashi 3 da 2.

A Budafes mutane suka fito kan titi suna zanga-zanga, abin da ba a saba gani ba a ƙarƙashin mulkin nan. Waɗanda jiya su ke yi masa kirari, yau su ne masu cewa son kansa ya ja musu, da ya bar mai lafiya ya buga. Haka duniya ta ke.

RABUWA DA GIDA

Ran 23 ga watan Oktoba 1956 mutanen Hangari suka yi wa mulkin Kwaminis bore. Cikin hargitsin har aka watsa labari a ƙasashen waje wai an kashe Puskas, ashe ƙarya ce. Ran 4 ga watan Nuwamba tankokin Rasha suka shiga Budafes suka murƙushe boren, dubban mutane suka hallaka, wajen 200,000 suka tsere daga ƙasar. A lokacin Honved tana waje, don tana da wasan Kofin Turai da Athletic Bilbao ta Sifen. Aka ci su 3 da 2 a Bilbao, wasa na biyu da ba shi yiwuwa a gida aka kai shi Brussels, aka yi 3 da 3, aka fid da su. 'Yan wasan suka ƙi komawa nan take, suka shiga yawon wasa a Italiya da Fotugal da Sifen har Barazil, ba da iznin hukuma ba. Matar Puskas da 'yarsa ƙarama suka sulale suka tsallaka iyaka zuwa Ostiriya.

Da yawon ya ƙare kowa ya zaɓi hanyarsa. Bozsik da Grosics da waɗansu suka koma gida. Puskas da Kocsis da Czibor suka ƙi. Zaɓin ya fi yi wa Puskas tsada, domin shi hafsan soja ne, ƙin komawarsa a dokar ƙasar gudu ne daga aikin soja. Aka hana shi wasa ko'ina, aka daina ambaton sunansa a jaridun ƙasarsa. Ya bar ƙungiyar Hangari da ƙwallo 84 cikin wasa 85.

Ya zauna a Ostiriya da Italiya kusan shekara biyu ba ya buga wasan gasa, kuɗi suna ƙarewa, jiki yana ƙiba. Manyan kulob na Italiya suka dubi shekarunsa da tumbinsa suka ja da baya. Manchester United ta yi sha'awarsa bayan haɗarin jirgin sama na Munich da ya kashe 'yan wasanta cikin 1958, amma dokar Ingila game da baƙin 'yan wasa ta hana.

HAIHUWA TA BIYU A MADRID

Wani tsohon ma'aikacin Honved, Emil Ostreicher, ya sami aiki a Real Madrid, shi ya kai maganarsa wurin shugaban kulob ɗin, Santiago Bernabeu. Cikin 1958 Bernabeu ya ɗauke shi, yana da shekara 31, bisa sharaɗin ya rage ƙiba. Puskas ya kama bakinsa, ya shiga gudu cikin zafin Madrid, har ya zub da abin da ya tara.

Sauran matsala ɗaya. A Madrid akwai mai gida, Alfredo di Stefano, mutumin Ajantina, wanda ya riga ya ci wa kulob ɗin Kofin Turai sau uku, kuma ba a sarki biyu a gari ɗaya. Waɗansu gwanaye sun zo sun kasa zama da shi. Puskas, wanda ya saba shi ne babba tun yana saurayi, ya gane wannan, ya sauke kai ya bar wa mai gida girmansa. Ana ba da labari cewa a ƙarshen kakarsa ta fari ya sami damar ci a sarari, sai ya miƙa wa di Stefano don shi ya zama kan gaba a yawan ƙwallo. Daga nan suka zama abokai har tsufa. Yaron da ya kori Guttmann da taurin kai, gudun hijira ya koya masa zama da mutane.

Ran 18 ga watan Mayu 1960, a filin Hampden na birnin Glasgow, mutum fiye da 127,000 suka kalli wasan ƙarshe na Kofin Turai tsakanin Real Madrid da Eintracht Frankfurt ta Jamus. Kafin a yarda a buga da shi sai da ya rubuta takardar ban haƙuri, domin ya taɓa zargin Jamusawa da shan ƙwaya a wasan 1954. Frankfurt ce ta fara ci, aka tashi 7 da 3, di Stefano uku, Puskas huɗu. Ba wanda ya sake cin huɗu a wasan ƙarshe na wannan kofi. Cikin 1962 a Amsterdam ya sake cin uku a wasan ƙarshe tun kafin hutun rabin lokaci, amma Benfica ta Fotugal ta ci su 5 da 3, wani saurayi haifaffen Mozambik, Eusebio, ya jefa biyun ƙarshe. Mai koyar da Benfica a ranar kuwa Bela Guttmann ne.

Da Real Madrid ya ci gasar Sifen sau biyar a jere, daga 1961 zuwa 1965, sau huɗu kuma shi ne ya fi kowa yawan ƙwallo a ƙasar. Cikin wasa 180 na gasar ya ci 156. Ya karɓi takardar zama ɗan ƙasar Sifen, ya buga mata wasa huɗu, har da Kofin Duniya na 1962 a Cile, amma bai ci mata ko ɗaya ba. Ya daina wasa cikin 1966 yana da shekara 39.

MAI KOYARWA

Daga nan ya shiga koyarwa, aikin da ya kai shi kusan kowace nahiya. Ya fara a Sifen da Amurka da Kanada ba tare da wani abin a zo a gani ba. Cikin 1970 kulob ɗin Panathinaikos na Atina, a ƙasar Girka, ya ɗauke shi. A lokacin ba wanda ya ke lissafi da Girkawa a ƙwallon Turai. Puskas ya cire wa yaran tsoron manyan sunaye. A Kofin Turai na 1971 suka fid da Everton, zakarun Ingila, da kunnen doki biyu, 1 da 1 a waje, 0 da 0 a gida. A wasan kusa da ƙarshe Red Star ta ci su 4 da 1 a Belgrade, kowa ya fid da rai, suka rama 3 da 0 a Atina suka wuce. Ran 2 ga watan Yuni 1971 Puskas ya koma Wembley, filin da ya yi suna shekara 18 baya, wannan karon yana zaune a benci. Ajax ta Holan, mai Johan Cruyff, ta ci su 2 da 0. Duk da haka har yau ba wani kulob na Girka da ya sake kai wa wasan ƙarshe na wannan babban kofi. Cikin 1972 ya ci gasar Girka da su.

Bayan wannan ya yi aiki a Cile da Saudiyya, ya koma Girka wurin kulob ɗin AEK, sa'an nan daga 1979 zuwa 1982 ya riƙe Al Masry ta birnin Port Said a Masar. Ya je Faraguwai, daga bisani ya sauka Ostareliya cikin 1989, wurin South Melbourne, kulob ɗin Girkawa mazauna can, ya ci gasar ƙasar da su cikin 1991. Kyaftin ɗinsa, Ange Postecoglou, shi ya ke tuƙa shi a mota yana yi masa tafinta da Girkanci. Wannan saurayi daga baya ya zama babban mai koyarwa, ya ci wa Ostareliya Kofin Asiya cikin 2015, ya kan kuma ambaci Puskas cikin waɗanda suka koya masa son kai hari.

In za a faɗi gaskiya, koyarwarsa ba ta kai wasansa ba. Ba mutum ne mai tsananin horo ko yawan zane a allo ba. Ya fi gaskata a saki 'yan wasa su nemi raga, a kuma zauna a ci abinci tare bayan wasa. Inda ya tarad da yara masu jin maganarsa, kamar Atina da Melbourne, abin ya yi kyau. Inda a ke bukatar sanda, bai daɗe ba.

KOMAWA GIDA

Shekara 25 ya yi bai taka ƙasar haihuwarsa ba. Cikin 1981 aka yarda ya ziyarci Budafes, jama'a suka cika babban filin wasa don su ga tsohon da aka hana su jin sunansa. Bayan mulkin Kwaminis ya faɗi cikin 1989 ya komo da zama. Cikin 1993 aka ba shi riƙon ƙungiyar ƙasa na wasa huɗu, ya ci ɗaya. Cikin 2000 likitoci suka gano yana da ciwon mantuwa na tsufa, wanda ya yi ta cin hankalinsa, ya ƙare sauran kwanakinsa a asibiti. Cikin 2002 aka sa wa babban filin Budafes sunansa. Ya rasu ran 17 ga watan Nuwamba 2006 yana da shekara 79. Gwamnati ta yi masa jana'iza irin ta manyan ƙasa ran 9 ga watan Disamba, aka binne shi a babbar majami'ar Saint Stephen da ke tsakiyar birnin.

To, jama'a, Puskas bai ɗauki Kofin Duniya ba, abin da ya fi so a rayuwarsa, kuma ya biya kuɗin zaɓin da ya yi cikin 1956 da shekara 25 na zaman baƙunci. Amma sa'ad da ƙofa ta rufe masa yana da shekara 29 bai zauna kukan abin da ya wuce ba. Ya rage ci, ya rage girman kai, ya koma ɗan koyo a ƙasar da bai san harshenta ba, rabin sunan da a ke tunawa da shi yau kuwa a can ya samo shi. Matasanmu masu buga tamaula a filayen unguwa, da masu koyar da su, sai su riƙe wannan. Mahaƙurci mawadaci.